Tiyatar jijiyar ACL ta gwiwa: shirin shiga da jinyar bayan fitowa

Koci Bala: Assalamu alaikum 'yan gida. Maganar da za mu tattauna a wannan makon ita ce tsinkewar jijiyar ACL. Tambayoyi sun taru a kanta, daga 'yan ƙwallo da iyayensu da masu horarwa. Wasu an ce musu sai tiyata, wasu an riga an yi musu amma ba su san abin yi ba bayan sallama. Likitocinmu da masu gashin ƙashi, filin naku ne. Dakta Aminu, ranka ya daɗe, a buɗe mana.

Dakta Aminu: Wa alaikumus salam, Koci. A fara da gane ciwon, don a nan ake yawan ɓata lokaci. Jijiyar ACL tana can tsakiyar gwiwa, ta haɗa ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri. Aikinta biyu ne: hana ƙwauri zamewa gaba, da hana gwiwa murɗewa idan mutum ya kafa ƙafa ya juya. Yawanci ba ma duka ke tsinka ta ba. Ɗan wasa ya taka birki ya juya, ko ya diro daga sama gwiwa ta karkata ciki, sai ya ji ƙas, ya faɗi, cikin awa ɗaya zuwa biyu gwiwa ta kumbura suntum. Kumburin da ya zo da sauri haka jini ne ya taru a gaɓar, ba ruwa ba.

Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiya. Shi ya sa ake ce wa yaro ba karaya, targaɗe ne, je ka huta. Bayan mako uku ko huɗu kumburi ya sace, yana tafiya lafiya, ya koma fili, gwiwa ta sake gocewa. Kowace gocewa tana iya yaga guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan, wato miniskos, kuma asararsa ta fi asarar jijiyar illa nan gaba. Gwajin hannu na Lachman shi ne na farko: a ɗan lanƙwasa gwiwa digiri 20 zuwa 30, a riƙe cinya, a jawo ƙwauri gaba. Idan ya taho ba tare da wani abu ya tsayar da shi ba, jijiya ta tafi. Hoton MRI yana tabbatarwa, kuma yana nuna halin miniskos da sauran jijiyoyin.

Ɗanlami: Dakta, ɗori fa? Akwai masu cewa maɗori yana haɗa ta.

Dakta Aminu: Ɗanlami, babu abin da hannu zai kama daga waje ya haɗa. Jijiyar tana cikin gaɓa. Abin da ɗauri ke yi shi ne ya sandarar da gwiwa, tsokar cinya ta zagwanye. In kuma an yi tsaga a fata, dole a ɗage tiyata har miki ya warke sarai, don ba a yanka kusa da fatar da ke da ƙwayoyin cuta.

Hajiya Binta Fisiyo: Kafin a yi nisa, Dakta, a gaya wa mutane cewa ba kowa ke buƙatar tiyatar ba. Binciken KANON na ƙasar Sweden, wanda aka fara wallafawa a 2010, ya raba matasa 121 gida biyu: wasu tiyata nan take, wasu gashi tukuna, wato motsa jiki na gina tsoka, tiyata in ta kama. Bayan shekara 5 kusan rabin rukuni na biyu ba su buƙaci wuƙa ba, kuma sakamakon rukunonin bai yi wani nisa da juna ba. Malamin makaranta ɗan shekara 45 da tafiya da tuƙi ne harkarsa, in ya gina cinyarsa kuma gwiwa ba ta gocewa, yana iya rayuwarsa haka.

Dakta Aminu: Na yarda, Hajiya, amma da sharaɗi. Ɗan shekara 19 da zai koma ƙwallo, ko soja, ko mai ɗaukar kaya a ƙasa mai gargada, ko duk wanda gwiwarsa ke gocewa duk da watanni uku na gashi mai kyau, wannan tiyata ta fi masa. Haka wanda miniskos ɗinsa ya yage irin yagewar da za a iya ɗinkewa, don ɗinkin ba ya daɗewa a gwiwar da ke rawa. Kuma kada wani ya ce tiyata tana hana amosanin gaɓa idan an manyanta. Ba a tabbatar da haka ba. Abin da take bayarwa shi ne gwiwar da ba ta gocewa.

Koci Bala: To in an yanke shawarar tiyata, yaushe ya dace? Iyaye sukan so a yi a makon da abin ya faru.

Hajiya Binta Fisiyo: A nan hanzari ba ya haifar da ɗa mai ido. Gwiwar da aka shiga da ita ɗakin tiyata a kumbure, a sandare, da ita za a fito, har ta fi. Tabo ne ke cika gaɓar ta ƙi miƙewa ta ƙi lanƙwasa, kuma gyaran wannan ya fi gyaran jijiyar wahala. Abu huɗu muke nema kafin a sa rana: kumburi ya sace ko ya kusa, gwiwa ta miƙe sak daidai da 'yar'uwarta, ta lanƙwasu aƙalla digiri 120, mutum ya yi tafiya ba ɗingishi. Ga mafi yawa wannan mako 3 zuwa 6 ne na aiki.

Aikin kuwa ba wani na'ura yake nema ba. A zauna a ƙasa ƙafa a miƙe, a sa nannaɗaɗɗen tawul ƙarƙashin diddige yadda bayan gwiwa zai rataya, a bari nauyin ƙafa ya miƙar da ita minti 5 zuwa 10, sau uku ko huɗu a yini. A matse tsokar gaban cinya kamar ana danna bayan gwiwa ƙasa, a riƙe daƙiƙa 5, sau 20. A ɗaga ƙafa a miƙe. A ja diddige zuwa ɗuwawu a kan tabarma. Idan kumburi ya ragu a hau keken motsa jiki, a fara rabin tsuguno da hawa ɗan dandamali. Ƙarfin cinya kafin tiyata yana daga cikin abubuwan da suka fi nuna yadda gwiwa za ta kasance shekara ɗaya ko biyu bayanta. Kuma a koyi tafiya da sanduna tun yanzu, ba ranar da ake jin jiri da zafi ba.

Dakta Aminu: Banda wurare biyu da ba a jira. Idan gwiwa ta kulle, ta ƙi miƙewa kamar an sa mata ƙyaure, mai yiwuwa miniskos ne ya yage ya naɗe ya shiga tsakani. Wannan a hanzarta don a samu ɗinke shi. Na biyu, gwiwar da ta goce gaba ɗaya jijiyoyi biyu ko uku suka tsinke. In ƙafa ta yi sanyi, ko ta yi fari, ko yatsu ba sa ɗagawa, asibiti a daren, don babbar hanyar jini tana bi ta bayan gwiwa kuma ana rasa ƙafa a kan haka.

Malam Isiyaku: Dakta, a yi mana bayanin dashen. Da yawa suna zaton ɗinke jijiyar ake yi.

Dakta Aminu: A mafi yawan lokuta ba a ɗinkewa, sabuwa ake yi. Ana shiga da kyamara ta ƙananan huji biyu ko uku, a share ragowar tsohuwar, a huda rami ɗaya a ƙashin cinya ɗaya a ƙwauri daidai inda asalin take, a zura dashe, a ɗaure da sukuru ko ɗan maɓallin ƙarfe mai igiya. Awa ɗaya zuwa biyu. Dashen daga jikin mutum ake ɗauka, wuri uku ne aka fi sani.

Na farko, jijiyar ƙasan ƙoƙon gwiwa: a yanki kashi ɗaya cikin uku na tsakiya, faɗin kamar milimita 10, da ɗan guntun ƙashi a kowane baki. Ƙashi da ƙashi suna haɗewa da wuri, wajen mako 6 zuwa 8, kuma tsinkewarsa ta biyu ta fi ƙaranci kaɗan. Aibinsa ciwon gaban gwiwa, musamman wajen durƙuso. Na biyu, jijiyoyi biyu na bayan cinya, a ninka su huɗu. Ana so kaurinsu ya kai milimita 8, ƙasa da haka ya fi saurin tsinkewa. Yankan ƙarami ne, durƙuso ya fi sauƙi, amma jijiya tana ɗaukar kusan mako 12 kafin ta manne da ƙashi, kuma ƙarfin lanƙwasa gwiwa yakan ɗan ragu. Na uku, jijiyar saman ƙoƙon gwiwa, mai kauri ce, tana ƙara samun karɓuwa. Akwai dashen da ake samu daga mamaci a ƙasashen da ke da ma'ajiyarsa, amma a jikin matasa ya fi tsinkewa nesa ba kusa ba.

Malam Isiyaku: Shi ya sa ni ra'ayina, ga mai salla sau biyar a rana, a bar batun jijiyar ƙoƙon gwiwa. Mutumin da zai yi sujada a kan siminti ko tayil har ƙarshen rayuwarsa, daidai wurin tabon yake ɗora nauyi. Littattafan da ke yabon wannan dashe an rubuta su ne a inda durƙuso ba abin kullum ba ne.

Dakta Aminu: Malam Isiyaku, maganarka tana da ƙarfi kuma dole a faɗa wa majinyaci kafin ya sa hannu. Amma ban yarda a rufe ƙofar ba. Yaro ɗan shekara 18 mai sakakkun gaɓoɓi, wanda gwiwarsa ke lanƙwasa baya fiye da ƙima, kuma ƙwallo ce sana'arsa, tsinkewa ta biyu ta fi masa ciwon durƙuso muni. In an zaɓi bayan cinya ga irin wannan, to a ƙara masa ɗaurin jijiya ta gefen waje na gwiwa a lokacin tiyatar. Binciken STABILITY da aka wallafa a 2020, kan 'yan shekara 25 zuwa ƙasa, ya samu tsinkewar dashe kashi 11 cikin 100 ba tare da ƙarin ba, kashi 4 tare da shi. Bayan haka, dashen da likita ya fi gwanancewa a kai ya fi wanda aka karanta a intanet. Babban kuskuren da ke kashe aikin daga ɓangarenmu ba irin dashe ba ne, huda rami ne a inda bai dace ba. Ramin cinya in ya yi gaba ko ya miƙe tsaye da yawa, gwiwa za ta ci gaba da murɗewa ko ta ƙi lanƙwasa. Don haka a tambayi likita kai tsaye: sau nawa yake yin wannan aikin a shekara, kuma yana da kayan ɗinkin miniskos a ranar ko babu? Ko a asibitocin ƙashi na tarayya irin na Dala a Kano, Igbobi a Legas da na Inugu, ko a na kuɗi, tambayar ɗaya ce, kuma ba rashin kunya ba ce.

Ƙaramin yaro da bai gama tsawo ba kuma hukuncinsa daban, don ramin yana iya taɓa wurin da ƙashi ke girma. Wannan sai wanda ya saba da yara.

Dakta Nura: Bari in shigo ta ɓangarenmu na masu sa barci. Abin da muke so mu ji tun mako biyu kafin rana: hawan jini, ciwon suga, asma, gyambon ciki, da jinsin jini, wato AA, AS ko SS. Na ƙarshen yana da muhimmanci a yankinmu, saboda ana ɗaure cinya da abin matsi don tsayar da jini lokacin aiki, kuma mai sikila ba a yi masa haka kai tsaye ba tare da shiri ba. A kawo duk magungunan da ake sha a leda, har na gargajiya. Masu shan maganin tsinka jini irin su wafarin ko kulofidogirel, likita ne zai faɗi ranar tsayarwa, kada a tsayar da ka. Mata masu shan ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istirojin, akan tsayar mako 4 kafin aiki saboda haɗarin daskarewar jini, a koma wata hanya. Sigari da shisha a bari aƙalla mako 4 zuwa 6. Suna jinkirta warkewar miki da mannewar dashe. Mai shan tiramadol ko kodin kullum ya faɗa mana a asirce, ba don a kunyata shi ba, don allurarmu ba za ta kama shi yadda muka lissafa ba.

Ranar aiki: abinci a daina awa 6 kafin lokaci, ruwa zalla har awa 2 kafin. Kunu, koko da shayi mai madara abinci ne, ba ruwa ba. Akasari allurar baya muke yi, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu na 'yan awanni. Wasu kan samu ciwon kai da ke tashi in an zauna ya lafa in an kwanta. A sha ruwa, a kwanta, in ya wuce kwana biyu a dawo.

Sista Rabi: Ƙari a kan na Dakta Nura. Kada a aske gashin ƙafa da reza a gida, ƙananan yankan da ido ba ya gani su ne ƙofar ƙwayoyin cuta. Mu za mu rage da inji in da buƙata. Ƙurji, ƙaiƙayi ko gurjewa a ƙafar, a nuna mana tun kafin ranar. A zo da wando mai faɗi ko gajere. A gida kuma a shirya abu uku: gado ko katifa mai tudu, don tashi daga ƙasa da ƙafa ɗaya azaba ce, kujerar roba a banɗaki don wanka, da kujerar bahaya mai huji da za a ɗora a kan masai na tsuguno. Wannan na ƙarshe mutane ba sa tunawa sai daren farko, lokacin kuwa ido ya raina fata.

Bayan sallama, bandeji ya zauna a bushe. Ana cire zare tsakanin kwana 10 zuwa 14. Wanka da leda a naɗe, ba a tsoma ƙafa a ruwa. Ba man zafi, ba man kaɗanya, ba toka, ba gashi da ruwan zafi a kan gwiwa. Zafi yana ƙara kumburi. Sanyi ake so: minti 15 zuwa 20, duk bayan awa 2 a kwanakin farko, ƙafa a sama da ƙirji. Inda wuta ba ta zama, ledojin fiya wata da aka daskarar a zuba a kula, a nannaɗe biyu a tawul mai ɗan laima. Kada ƙanƙara ta taɓa fata kai tsaye, musamman da yake gefen tabon yakan mutu ba a jin komai, mutum ya ƙone bai sani ba. Wannan mutuwar fatar ta gefen waje ƙaramar jijiyar ji ce aka gitta wajen yanka, tana raguwa a hankali, wani lokaci ɗan wuri ya saura. Baƙin jini da ke sauka ƙwauri har idon sawu ma ba abin tsoro ba ne.

Abin tsoro shi ne: zazzaɓi sama da digiri 38, gwiwa ta yi zafi jau, ciwo yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko ruwa na tsattsafowa daga miki. Kada a ce maleriya ce a sayi magani a kemis. Ƙwayoyin cuta a cikin gaɓa ba su cika faruwa ba, bai kai mutum 1 cikin 100 ba, amma in sun shiga sai an wanke gaɓar da gaggawa. Sai kuma sha-raɓa ta kumbura ta yi tauri tana ciwo, wannan alamar gudan jini ce. In aka haɗa da haki ko ciwon ƙirji, ko ƙarfe nawa ne a tafi asibiti.

Famasis Zainab: Magani a taƙaice. Farasitamol giram 1 duk awa 6, kada ya wuce giram 4 a yini, kuma a lura wasu magungunan mura da na ciwon jiki suna ɗauke da shi. Ibufurofen ko daikulofenak in likita ya rubuta, bayan cin abinci, ɗaya daga ciki ba duka biyu ba, kuma banda mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda. Masu ƙarfin irin tiramadol na 'yan kwanaki ne kawai, suna kawo taurin bayan gida. Dabara: a sha maganin rabin awa kafin motsa gwiwa. Wanda ya ce zai jure don nuna jarumta, shi ne zai ƙi miƙe ƙafa.

Hajiya Binta Fisiyo: Yauwa, an zo inda nake jira. Mako biyun farko, in an tambaye ni abu ɗaya, miƙewa ce. Kuskuren da ya fi yawa shi ne filo a ƙarƙashin gwiwa. Yana da daɗi, shi ya sa kowa ke yi, amma gwiwa tana warkewa a lanƙwashe. Filo ƙarƙashin diddige yake zama. Digiri 5 kacal in ya ɓace a miƙewa, ɗingishi ne, ciwon gaban gwiwa ne, cinya kuma ba za ta yi ƙarfi ba. Lanƙwasa tana iya biyowa daga baya, miƙewa ba ta jira. Wani lokaci ƙullin tabo kan fito a gaban dashen ya tokare gaɓa. In an kai mako 6 zuwa 8 gwiwa ta ƙi miƙewa duk da ƙoƙari, a koma wa likita, kada a yi ta dannawa da ƙarfi.

Na biyu, tada tsokar gaban cinya. Kumburi yana kashe ta, mutum ya ce mata matse ta ƙi. A ɗora yatsa a saman ƙoƙon gwiwa, in an matse daidai za a ji ƙoƙon ya ja sama. In bai motsa ba, ɗuwawu ake matsewa ba cinya ba. Sau 10 zuwa 20 kowace awa in ana farke. Inda akwai na'urar lantarki mai motsa tsoka, tana taimakawa ƙwarai a wannan matakin. Ɗaga ƙafa a miƙe sai in gwiwa ba ta saki ko kaɗan yayin ɗagawa. Idon sawu a riƙa kaɗa shi sama da ƙasa don jini ya gudana. Ƙoƙon gwiwa a riƙa tura shi da yatsu sama, ƙasa da gefe kada ya manne. Burin lanƙwasa digiri 90 zuwa ƙarshen mako na 2, 120 wajen mako na 4 zuwa 6.

Sanduna: saman sanda ya tsaya yatsu biyu ko uku ƙasa da hammata, mariƙin daidai wuyan hannu, nauyi a tafin hannu ba a hammata ba. Matakala, lafiyayyar ƙafa ke fara hawa, mai ciwo da sanduna ke fara sauka. In ACL kaɗai aka yi, ana taka ƙafa tun farko gwargwadon juriya, a ajiye sanduna mako 2 zuwa 3, ba don kwanaki sun cika ba sai don tafiya ta daidaita. In an ɗinke miniskos, lissafi ya sauya: sau da yawa mako 4 zuwa 6 na taƙaita nauyi, lanƙwasa ba ta wuce 90 ba, tsuguno mai zurfi sai bayan wata 4. A karɓi takardar abin da aka yi a ciki a kai wa mai gashi, kada a bar shi yana lalube.

Ɗanlami: Hajiya, salla fa? Kuma yaushe za a hau babur?

Hajiya Binta Fisiyo: Salla a kujera tukuna, ƙanena, addini ya yi sauƙi a nan. Tsayuwa da ruku'u suna dawowa da wuri. Sujada a kan abu mai laushi akasari wajen wata na 2 zuwa 3, gwargwadon dashe da tabo. Zaman tahiya shi ne na ƙarshe, don yana neman gwiwa ta naɗe gaba ɗaya da nauyin jiki a kai. Wata 4 zuwa 6, kuma in an ɗinke miniskos sai da izinin likita. Mota, in ƙafar dama ce, mako 4 zuwa 6, sai an ajiye sanduna kuma ana iya taka birki da ƙarfi ba shakka. Babur ya fi haka jinkiri, kusan wata 3, saboda kafa ƙafa ba shiri a cunkoso da bugun kik. Ko goyo ne, a makonnin farko mota ta fi, a zauna a baya ƙafa a miƙe a kan kujera.

Malam Isiyaku: Takalmin gwiwa fa, Hajiya, wato abin da ake ɗaurawa ya riƙe gwiwa? Ni ina ganin a yanayinmu a sa wa kowa. Hanyoyi ba daidai ba, gida cike da yara, banɗaki da santsi.

Hajiya Binta Fisiyo: Malam, binciken da aka yi bai nuna yana inganta sakamako ba in ACL kaɗai aka gyara. Kuma mai arha da ke zamewa ƙasa yakan riƙe gwiwa a ɗan lanƙwashe, ya jawo abin da muke gudu. In an ɗinke miniskos, ko an gyara wata jijiyar gefe, ko cinya ta ƙi tashi, a nan na yarda.

Malam Isiyaku: To mu bar shi a hannun wanda ya yi aikin, amma ni dai ban sauka ba. Bari in ɗora daga mako na 6, don a nan nake ganin an fi yin ɓarna. Ciwo ya tafi, tafiya ta dawo, yaro yana jin ya warke. Alhali dashen a lokacin yake cikin rauninsa. Jijiyar da aka dasa sai ta fara mutuwa, sannan jini ya shige ta, jiki ya sake gina ta. Tsakanin mako 6 zuwa 12 ta fi kowane lokaci laushi, kuma sauyawar tana ci gaba har ta haura shekara. Kamar ginin siminti ne da ya bushe a ido amma bai kama ba. Ba gudu, ba tsalle, ba 'yar taɓa ƙwallo da yara a ƙofar gida.

Abin yi a wannan zango: keke da zarar lanƙwasa ta kai 105 zuwa 110, sirdi a sama. Tura nauyi da ƙafa, rabin tsuguno, hawa da sauka dandamali, gada, wato ɗaga ƙugu sama ana kwance rigingine, don ɗuwawu da bayan cinya, tsayuwa da ƙafa ɗaya. Injin miƙe gwiwa da ake zama a tura da ƙwauri, da ana hana shi sam. Yanzu ana farawa daga mako na 4 tsakanin digiri 90 zuwa 45, a faɗaɗa a hankali, kuma wanda aka ɗauki dashensa a bayan cinya a jinkirta ƙara masa nauyi. Ba tare da shi ba da wuya cinya ta cika. Ma'aunin ko an wuce gona da iri shi ne kumburin washegari. A auna kewayen gwiwa da tef ɗin tela a tsakiyar ƙoƙo kowace safiya. In ya ƙaru da santimita 1, a rage aiki kwana biyu. Abinci kuma a ƙara mai gina jiki, wake, ƙwai, kifi, nono, awara, wajen giram 1.6 na furotin ga kowane kilo na nauyin jiki. Farfesun ƙafar sa yana da daɗi amma ba ya zama jijiya. Wanda ke da zaɓin rana, ya duba kada makonnin farko su faɗo cikin azumi, saboda magani da shan ruwa.

Koci Bala: Ga tambayar da ta fi damun mu masu horarwa. Yaushe za a koma fili? Yara suna kawo misalin Turai.

Malam Isiyaku: Su duba misalin da kyau. Virgil van Dijk ya ji ciwon a Oktoban 2020, bai buga wasa ba sai ƙarshen Yulin 2021, wata tara ke nan. Neymar ya ji nasa a Oktoban 2023, ya dawo a Oktoban 2024. Waɗannan da likitoci da masu gashi a kansu safe da yamma. Binciken Delaware da Oslo na 2016 ya nuna kowane wata da aka jinkirta komawa, har zuwa na 9, haɗarin sake jin ciwo yana raguwa da kusan rabi. Kuma a cikin 'yan ƙasa da shekara 25 da suka koma wasa, kusan 1 cikin 4 ko 5 yana sake tsinka ACL, ko dashen ko ta ɗaya ƙafar.

Gudu a miƙe, mafi kusa wata 3 zuwa 4, in babu kumburi, gwiwa ta miƙe sak, ƙarfin cinya ya kai kashi 70 na lafiyayyar. A fara da minti 1 gudu minti 2 tafiya, a fili mai laushi, rana ɗaya a tsallake ɗaya. Tsalle da koyon dira wata 4 zuwa 6: gwiwa ta bi saitin yatsan ƙafa na biyu, kada ta faɗa ciki. A ɗauki bidiyo da waya daga gaba, ido yana ruɗi. Juyi da yanke gudu daga wata 6. Atisaye da ƙungiya ba karo, sannan da karo, sannan minti 15 zuwa 20 na wasa.

Hajiya Binta Fisiyo: Kuma wata 9 ba tikiti ba ne, Koci. Sai an ci jarrabawa: ƙarfin gaba da bayan cinya kashi 90 ko fiye na ɗaya ƙafar, da gwajin tsalle huɗu da ƙafa ɗaya, wato tsalle guda, uku a jere, uku ana gitta layi, da mita 6 a kan lokaci, kowanne kashi 90. Inda babu injin auna ƙarfi, a yi amfani da injin miƙe gwiwa na gidan motsa jiki, a gwada nauyin da kowace ƙafa ke iya ɗagawa, ko a ƙirga tashi daga kujera da ƙafa ɗaya. A lura, lafiyayyar ƙafar ma tana raguwa a watannin zama, sai kashi 90 ɗin ya zo da arha. Shi ya sa ake so a auna ta tun kafin tiyata a rubuta. Tsoro ma ana tambaya. Wanda ke ɗari-ɗari da ƙafar yana dira a karkace. Bayan an koma, ɗumin jiki na FIFA 11+ minti 20 ne, aƙalla sau biyu a mako, ga ƙungiya duka ba shi kaɗai ba, 'yan mata ma sun fi buƙata don sun fi maza yawan wannan ciwo.

Ɗanlami: Ƙarfen da aka sa fa, ana cirewa? Kuma gwiwa tana ƙara in an lanƙwasa.

Dakta Aminu: Ba a cirewa sai in yana damun fata, kuma yawancinsu ba sa hana hoton MRI, sai dai a faɗa wa mai ɗaukar hoton. Ƙara ba ciwo ba kumburi, a ƙyale ta. Ƙara tare da kullewa, ko gocewa, ko kumburin da ya dawo bayan ya tafi, a zo a duba. Koci, a tara tambayoyin jijiyar PCL, wato wadda ke bayan ACL a cikin gwiwa, da ta gefen ciki zuwa mako mai zuwa, don jinyarsu ta sha bamban da wannan, musamman wajen aikin bayan cinya.

Koci Bala: An gama, ranka ya daɗe. Masu turo hoton MRI a nan kuma don Allah a rufe suna da lambar asibiti kafin a turo.